Yadda Za Ku Zaɓa wa Matashi Mai Kaɗa Fiyano Sansanin Kiɗa na Dogon Hutu

Da zarar makarantu sun shiga jarrabawar zango na uku a watan Yuli, ƙyallayen talla sukan cika katangun coci-coci da makarantu masu zaman kansu, tun daga Barnawa da Narayi har Sabon Tasha da Unguwar Romi: a kawo yara su koyi kibod da jita da ganga kafin a koma makaranta a Satumba. Ga yaron da bai taɓa ɗora yatsa a kan madanni ba, yawancin shirye-shiryen nan alheri ne. Amma akwai wani yaron, ko yarinya, mai shekara 13 zuwa 17, wanda ya daɗe yana kaɗa fiyano daga rubutu, yana fama da Bach da Clementi, wataƙila ma ya ci jarrabawar mataki na huɗu ko na biyar a kiɗan kilasika. Iyayen irin wannan yaro nake yi wa magana. In aka kai shi inda bai dace ba, asarar ta wuce ta kuɗi. Zai ƙare hutunsa yana tusa abin da ya wuce tun tuni, ko kuma ya dawo da wata muguwar ɗabi'ar hannu da malaminsa zai yi watanni yana warwarewa.

Abu uku ne ke nuna darajar sansani: wane ne zai zauna kusa da yaron ya koya masa, a kan wane irin fiyano, kuma minti nawa yatsunsa za su yi a kai kowace rana. Rigar sansani da takardar shaida da bikin rufewa duk suna bayan waɗannan.

Ku fara sanin hanyar da yaronku yake bi

A kudancin kogin Kaduna, coci ce babbar makarantar kiɗa. A nan yawancin makaɗanmu suka tashi, suna koyo da kunne da do-re-mi. Zumuntar Mata za su ɗauko waƙa a muryar da ta zo musu, mai kibod ya lalubo ta cikin daƙiƙa biyu ya bi su. Wannan gwaninta ce ta gaske, kuma yaron kilasika zai ƙaru in ya same ta.

Sai dai hanyar kilasika daban ce. Ana karanta rubutun kiɗa mai layi biyar-biyar, jeri biyu a lokaci guda, ɗaya na hannun dama ɗaya na hagu. Kowane hannu yana da maganarsa. Mai tsara kiɗan ya riga ya rubuta inda za a sassauta da inda za a ƙarfafa, inda za a haɗa sauti da inda za a tsinke shi, aikin makaɗi shi ne ya fito da duk wannan da nauyin yatsa. Mutum zai iya zama gwanin da ake ji da shi a duk Kakuri ranar Lahadi, amma bai taɓa koyar da sonata ko ɗaya ba. Wannan ba aibi ba ne gare shi. Ku dai kada ku ɗauka duk mai kaɗa kibod zai iya ciyar da yaronku gaba a hanyar da yake kai.

Ku tsai da buri guda

Kafin ku duba kowace talla, ku zauna ku uku: ku, da yaron, da malamin da ke koya masa duk shekara. Ku tambayi malamin inda yaron ya fi rauni, ku tambayi yaron abin da ransa ke so. Mako huɗu ko shida ba sa ɗaukar buri biyar.

Tsarin jarrabawar hukumar ABRSM ta Landan, wadda aka kafa a 1889, zai taimaka muku wajen auna wannan ko da yaronku ba zai zauna mata ba. Matakanta takwas ne. A jarrabawar kaɗawa maki 150 ne, ana ci da 100, yabo daga 120, fice daga 130. Kiɗa uku da yaro ya shirya suna ɗauke da maki 90. Sauran 60 ɗin suna kan sikel da maki 21, karanta kiɗan da ba a taɓa gani ba da maki 21, da gwajin kunne da maki 18. A waɗannan sittin ɗin ne yaranmu suka fi zubar da maki, domin a lesin na mako-mako lokaci kan ƙare a kan kiɗan jarrabawa. Haka kuma ba a zama jarrabawar kaɗawa ta mataki na shida sai an ci ta ƙa'idojin kiɗa ta mataki na biyar, ko makamanciyarta. Yara da yawa a nan suke cijewa. In naku yana wannan gaɓa, sansanin da ke koyar da ƙa'idoji kullum ya fi masa wanda ke shirya babban biki.

Burin zai iya zama gyara karatu, ko kammala babban kiɗa guda, ko sabawa da kaɗawa gaban jama'a, ko koyon raka mawaƙi. Ku rubuta shi a takarda, da ita za ku auna kowane wuri.

Malami

Sunan makaranta ba ya koyarwa, mutum ne yake yi. Ku nemi sunan wanda zai koya wa yaronku da kansa, domin sau da yawa babban malamin da aka sa hotonsa a talla ranar buɗewa da ranar rufewa kaɗai ake ganinsa, sauran kwanakin ɗalibansa ne ke riƙe da aji.

Ku tambaye shi cikin girmamawa: "Malam, a ina ka yi karatun fiyano, kuma wane mataki ka kai? Ɗalibi nawa ka kai mataki na biyar zuwa sama?" Wanda ya fito daga makarantar MUSON ta Legas, ko sashen kiɗa na Jami'ar Nsukka, wanda tun 1961 yake, ko sashen kiɗan coci na makarantar tauhidin Baptist da ke Ogbomoso, ko mai riƙe da shaidar mataki na takwas ta ABRSM ko ta takwararta Trinity, ba zai ji nauyin nuna muku takarda ba. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce malami ya fi ɗalibi da tazara mai yawa. Mai mataki na biyar ba zai ja ɗan mataki na biyar ba.

Amma gani ya kori ji. Ku biya kuɗin darasi guda na gwaji, ku zauna a gefe ku yi kallo. Malamin kirki zai bar yaron ya kaɗa har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya ɗauki fensir, ya zagaye gaɓa biyu ko uku a takardar, ya ce a kaɗa hannun hagu shi kaɗai, a hankali. Zai rubuta lambar yatsa a kan wata alama, ya ce a sa na huɗu maimakon na uku. Zai duba kujera, ya ga ko damtsen yaron ya yi daidai da madannai, ya lura da kafaɗar da ta ɗage. Bayan minti goma na wannan aiki, ko ku da ba ku san kiɗa ba za ku ji wurin ya gyaru. Wanda kuwa ya ture yaron ya zauna yana nuna muku saurin yatsunsa, ko ya ce "haka ake yi, bi ni" ba tare da ya kalli takardar ba, ku yi masa godiya ku nemi wani. Ku kuma lura da wanda in kiɗa ya yi wuya sai ya danna maɓallin sauya murya domin komai ya koma C. Fiyanon katako ba shi da wannan maɓalli, jarrabawa ma ba ta san shi ba.

A hanyar komawa gida ku tambayi yaron: "Me ya gaya maka wanda ba ka taɓa ji ba?" In ya kawo abu ɗaya takamaimai, an dace.

Fiyano

Cikakken fiyano madannai 88 gare shi, farare 52 da baƙaƙe 36. A cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200, kuma kowane madanni yana harba 'yar guduma mai kan ulu ta bugi tsirkiya. Nauyin wannan guduma ne ke horar da yatsa, shi ne kuma ke ba makaɗi ikon yin raɗa ko tsawa da madanni ɗaya. Kibod mai madannai 61 da ake gani a yawancin azuzuwan hutu ba shi da wannan nauyi, kuma kiɗan Chopin da na waɗanda suka biyo bayansa yakan wuce iyakarsa. Matashin da ya yi wata guda a kansa zai dawo da yatsu masu laushi.

Mafi ƙarancin abin da za ku yarda da shi shi ne fiyanon lantarki mai madannai 88 masu nauyi, da feda mai aiki, da kujerar da ta dace da tsayin yaron. In da na katako, ya fi, amma sai kun gwada shi. Yanayin Kaduna yana wahalar da fiyano. A hunturu katako yakan bushe ya tsuke, tsirkiyoyi su saki. A damina, wadda dogon hutu ke faɗawa tsakiyarta, katako da ulu sukan sha laima su kumbura, madannai su riƙa maƙalewa. Ku sa yaron ya bi madannan ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa har sama. Duk wanda ya nutse bai taso ba, ko ya yi shiru, ku ƙirga shi. Ya danna C na tsakiya tare da C na sama da shi: in sautin yana rawa, fiyanon yana bukatar saiti. Ya taka fedar dama ya kaɗa ya ɗaga hannu, sautin ya kamata ya ci gaba, ya kuma yanke nan take in an ɗaga ƙafa. Ku tambayi yaushe mai saiti ya zo na ƙarshe. Tsohon fiyanon da ya ɓaci sosai ya fi na lantarki mai kyau cutar da kunnen yaro.

In na lantarki ne, tambayar da ke biye ita ce ta wuta. Akwai sola ko inbata, ko janareto ne? In janareto ne, ina aka ajiye shi? Ba a koyon sassauta sauti da inji yana ruri a bayan taga.

Lissafin minti

Wannan lissafi kowa zai iya yinsa a tsaye. A ce yara 20 ne, fiyano biyu, ana aiki awa huɗu a rana. Awa takwas ke nan ta fiyano, wato minti 480. In aka raba wa yara 20, kowa ya tashi da minti 24, kafin a cire lokacin da malami ke bayani da lokacin da aka ɗauke wuta. Matashin da ya kai mataki na biyar yana yin fiye da haka a gida ba tare da an biya ko sisi ba.

Abin da ya dace da shi shi ne darasin mutum ɗaya da malami aƙalla sau biyu a mako, na minti 45 zuwa awa ɗaya, da awa biyu zuwa uku na atisaye kullum a ɗakin da shi kaɗai ne, a rarrabe kashi-kashi da hutu a tsakani. Sauran lokacin a ba ƙa'idoji, horon kunne, da zaman da ɗalibi ɗaya ke kaɗawa sauran suna saurare malami yana gyara. Ku nemi jadawalin a rubuce. Ku kuma guji wurin da ke alfahari da awa bakwai ko takwas a rana. Jijiyoyin hannun matashi ba su saba ba, kuma ciwon wuyan hannu alama ce ta a dakata. Malamin da ya ce a daure a ci gaba bai san aikinsa ba.

Abin da za a kaɗa

Ku nemi jerin kiɗan da ɗaliban bara suka kaɗa. A matsakaicin mataki ya kamata ku ga irin su gajerun kiɗan Bach masu murya biyu, waɗanda guda 15 ne, da ƙananan sonatocin Clementi ko Kuhlau, da darussan Burgmüller ko Czerny. A sama kuwa sonatocin Mozart da Haydn da Beethoven, da Chopin.

Ina kuma roƙon ku tambayi ko akwai kiɗan gida a jerin. 'Yan Najeriya sun rubuta wa fiyano manyan ayyuka. Akin Euba, wanda ya rayu daga 1935 zuwa 2020, ya yi shekaru yana nuna yadda fiyano zai yi magana irin ta ganguna. Joshua Uzoigwe ya rubuta Talking Drums a kan wannan turba. Akwai Ayo Bankole, akwai Fred Onovwerosuoke mai darussa 24 a kan salon kiɗan Afirka. William Chapman Nyaho ya tattara kiɗan fiyano na Afirka da na 'ya'yanta mazauna ƙetare a kundi biyar, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kamfanin ɗab'in Jami'ar Oxford ya buga. Rebeca Omordia, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta ɗauki ayyukan matsara kiɗan Najeriya a faifanta Ekele a 2018. Yaron da ya tashi yana jin kalangu da gangunan coci yana da kunnen da wannan kiɗa ke nema, kuma yana da kyau ya san cewa shi ma yana da gado a kan fiyano. Malamin da ya san waɗannan sunaye, alama ce yana bibiyar sana'arsa.

Gida ko nesa

Shirin jeka-ka-dawo a cikin unguwa ya fi sauƙi ga yawancin iyalai. Ku yi la'akari da hanya. In kuna Kamazou ko Gonin Gora, wurin kuma yana tsallaken kogi, cunkoson gada safe da yamma da ruwan Agusta za su ci rabin ƙarfin yaron kafin ya zauna. Wuri mai kyau da keke ɗaya zai kai shi ya fi wuri mafi kyau da zai riƙa makara. Amma in malamin da ya dace yana can arewacin kogi, sau biyu a mako wurinsa tare da atisaye a gida ya fi kwana biyar a ajin da ba nasa ba.

In kuna da 'yan uwa a Abuja, jirgin ƙasa daga Rigasa, wanda ya fara aiki a 2016, ya sa yaro zai iya yin mako biyu a can wurin malami mai zaman kansa. Ga wanda ya yi nisa kuwa, Legas ce cibiya. An kafa ƙungiyar MUSON a 1983, tana da makaranta da zaurukan kiɗa a Onikan, tana shirya jarrabawar matakai tata, tana kuma da karatun difloma da Gidauniyar MTN ke ɗaukar nauyin ɗalibai a cikinsa. Ku tuntuɓe su tun da wuri ku ji abin da suka tanada na hutu. Ko ganin babban fiyano a zaure da jin ƙwararru suna kaɗa shi yana sauya wa matashi tunani.

A ƙetare akwai sansanin Interlochen a jihar Michigan ta Amurka, wanda ya fara a 1928, da makarantar hutu ta masu fiyano a Chetham's da ke Mancesta a Ingila, wadda ake yi a Agusta. Manyan sansanoni irin waɗannan sukan nemi bidiyon kaɗawa watanni kafin lokaci, ga biza ga kuɗin jirgi. Na Amurka sukan fara a ƙarshen Yuni, lokacin da makarantunmu ba su tashi ba, 'yan ajin ƙarshe kuma suna kan NECO. Mai wannan niyya tun Nuwamba zai fara shiri, ya kuma nemi tallafin karatu tare da takardar shiga.

Aminci da lafiya

Darasin fiyano na mutum biyu ne a ɗaki, saboda haka wannan magana ba ta kunya ba ce. Ɗakin ya kasance mai taga ko ƙofa a buɗe, da manya suna kai-kawo. A ba iyaye damar shigowa kowane lokaci. Gyaran hannu yakan sa malami ya taɓa yatsa ko wuyan hannu, amma malamin kirki yakan nemi izini, yawanci ma a nasa hannun yake nunawa. Saƙon waya ya bi ta wurinku. Ku gaya wa ɗanku ko 'yarku a fili cewa duk abin da bai kwanta musu ba su faɗa muku a ranar.

In na kwana ne, ku je ku ga makwancin da idonku: rabuwar maza da mata, mace babba mai kula da 'yan mata, gidan sauro, ruwan sha, da asibitin da za a nufa in zazzaɓi ya taso da dare. A tashi da wuri yadda kowa zai isa gida kafin magariba. Tun da yawancin shirye-shiryen a harabar coci ake yi, iyalin Musulmi su tambayi yadda jadawalin yake game da ibada da lokacin salla, iyalin wata ɗarika ma haka. Masu shiri na gari sukan amsa wannan ba tare da ɓacin rai ba.

Kuɗi

Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Ku raba kuɗin da yawan awannin darasin mutum ɗaya da na atisaye, ku kwatanta da abin da kuke biyan malaminsa na kullum. Ku tambayi abin da ke ciki da wanda ba ya ciki: littattafai, abinci, riga, kuɗin biki, rajistar jarrabawa. Ku karɓi rasit, ku ji ƙa'idar mayar da kuɗi in malamin da aka yi alkawari bai zo ba. In zai yiwu ku biya rabi, sauran bayan mako na farko. Takardar shaidar sansani abin tunawa ce kawai, ba ta maye gurbin ta hukumar jarrabawa.

In ba ku samu ba, ku haɗa naku

Zai yiwu ku zagaya ko'ina ba ku sami wurin da ya cika sharuɗɗan nan ba. Kada ku kai yaron inda kuka san bai dace ba don kawai hutu ya zo. Ku nemi iyalai huɗu ko biyar masu yara a mataki kusa da juna, ku haɗa kuɗi kamar adashe, ku ɗauko malami ɗaya ƙwararre na mako biyu, ko daga Jos ko Abuja ne. Ku roƙi coci ko makarantar da ke da fiyano mai kyau ta ba ku ɗaki daga Litinin zuwa Juma'a da safe, lokacin da ba kowa, ku ɗauki nauyin man janareto da saiti. Kowane yaro ya sami darasinsa, su yi ƙa'idoji tare, su kaɗa kiɗan hannu huɗu bibbiyu, ranar ƙarshe su kaɗa wa iyaye. Haɗuwa da sa'o'insa masu son abin da yake so tana daga cikin manyan ribar sansani, domin mai koyon kilasika a Kaduna yakan ji shi kaɗai ne.

Bayan an tashi

Kafin ranar rufewa, ku roƙi malamin sansani ya rubuta shafi ɗaya: abin da aka gyara, abin da ya rage, da kiɗan da ya kamata a shiga nan gaba. Ku ɗauki bidiyon yaron yana kaɗa kiɗa guda a ranar farko, ku sake ɗaukar wannan kiɗan a ranar ƙarshe. Ku kai takardar da bidiyon biyu wa malaminsa na kullum a makon farko na Satumba, ku kuma tsayar da lokacin atisaye a cikin jadawalin makaranta tun kafin aikin gida ya taru. Sai ku fito da takardar burin da kuka rubuta a Yuli ku karanta tare da yaron. In an cim ma burin, ku riƙe lambar wannan malami, ku kama masa wuri na baɗi tun yanzu. In ba a cim ma ba, kun san tambayar da za ku ƙara yi kafin ku sake biya.